Tausa a Ƙasar Gobir: Abin da Mai Neman Ta Zai Tarar

1.0 Gabatarwa

Tausa tana cikin tsofaffin hanyoyin da Bahaushe yake bi wajen neman sauƙin jiki. Da wuya a sami gidan da ba a yin ta, ko da kuwa irin wadda jika kan yi wa kakansa ce, ya hau gadon bayansa yana tattakawa bayan sallar lisha. Duk da haka, idan manazarta suka zo magana a kan magungunan gargajiya, sukan fi mai da hankali ga bokanci da bori da wanzanci da ɗori. Tausa kuwa akan ambace ta ne a wuce, watakila domin ba ta da zabira, ba ta kuma da wani kayan aiki da ya wuce tafin hannu da ɗan mai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana, daki-daki, abin da mutum zai tarar idan ya je a yi masa tausa, tun daga gaisuwa har zuwa sallama. Za a ɗauki ƙasar Sabon Birni da Isa a matsayin misali, sa'an nan a kwatanta abin da ake yi a gida da wanda ake yi a asibiti. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, tausa magani ce ta gajiya da ciwon tsoka, amma akwai cututtukan da suke zuwa da kamannin ciwon jiki, waɗanda hannu zai iya mai da su ajali. Saboda haka gwanintar mai tausa tana fara bayyana ne tun kafin ya taɓa jiki, watau a wurin tambayoyin da yake yi.

Akwai dalilin zaɓen wannan yanki. Sabon Birni gari ne da Gobirawa suka kafa a ƙarƙashin Ɗan Halima a rabi na biyu na ƙarni na 19, ba nisa da kufan Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir da aka ci a 1808. Yana bakin gulbin Rima, daf da iyakar Nijar. Mutanensa da na Isa yawancinsu da ƙarfin jiki suke ci: noman damina, da noman rani a fadama, da su, da dako, da kabu-kabu. Mata kuma ga daka, ga surfe, ga jan ruwa. Sakkwato, inda manyan asibitoci suke, tana da nisan fiye da kilomita 100. Bugu da ƙari, tun daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka mai da bin hanya kasada a wannan yanki, har dubban mutane suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi. A irin wannan hali, mai tausa na unguwa shi ne yakan fara ganin majinyaci, wani lokaci ma shi kaɗai ne zai gan shi.

2.0 Ma'anar Tausa

Tausa ita ce a yi amfani da hannu, ko ƙafa, a danna tsokar jikin mutum ko a murza ta, domin ta saki. Wanda ya lura zai ga kusancin kalmar da wasu kalmomi kamar taushi, da tausasa, da taushe. Bagobiri ma tabshi yake cewa a maimakon taushi, kamar yadda yake cewa sabka da zamna inda Bakano zai ce sauka da zauna. Har ila yau akan ari kalmar a kai ta fagen zaman jama'a: idan mutum ya fusata akan ce a je a taushe shi, watau a lallashe shi har zuciyarsa ta yi sanyi.

Ya kamata a bambance tausa da ayyuka uku da suke maƙwabtaka da ita. Na farko shi ne gashi, watau ɗora tsumma ko ganyen da aka tsoma a ruwan zafi a kan wurin da ke ciwo. Na biyu shi ne ɗori, aikin mai da ƙashin da ya karye ko ya goce, a ɗaure shi da karare. Na uku shi ne ƙaho, wanda wanzami ke kafawa bayan ya yi tsaga. Sau da yawa akan haɗa biyu ko uku a zama ɗaya, shi ya sa jama'a ba su cika rarrabe su ba.

Wata kalmar da dole a tsaya a kanta ita ce jijiya. A Hausa, hanyar da jini ke bi jijiya ce. Zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi jijiya ce. Igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara, ita ma jijiya ce. To, idan mutum ya ce jijiyarsa ta hau, ko ta harɗe, yana iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa uku mabambanta. Tausa takan taimaki wani daga cikinsu, ta kuma cutar da wani, kamar yadda za a gani a gaba.

3.0 Masu Yin Tausa

Ana iya kasa masu tausa gida huɗu. Kashi na farko su ne mutanen gida: mata ga mijinta, 'ya ga uwarta, jika ga kakansa, almajiri ga malaminsa. Wannan tausa ce ta ladabi da kyautatawa, ba a biyan komai sai sa albarka. A cikin wannan kashi za a sa abokan 'yan kokawa da 'yan dambe, waɗanda kan matsa musu jiki bayan an tashi daga fage.

Kashi na biyu ita ce ungozoma. Ita ke gasa jikin mai jego, ta matsa mata ciki da baya, ta kuma yi wa jariri wanka, ta shafe shi da mai, ta mimmiƙe masa gaɓoɓi. Da yake mata da yawa ba su fita sai da lalura, ungozoma ko wata dattijuwa da ta san aikin ita ke shiga gida ta same su.

Kashi na uku shi ne maɗori. Sana'arsa ta gado ce, a garuruwa da yawa ma akwai Sarkin Ɗori. Ban da karaya, wurinsa ake kai targaɗe da gocewar ƙashi da ciwon kwankwaso. Yakan haɗa aikin hannu da tofi.

Kashi na huɗu shi ne ma'aikacin asibiti na sashen da jama'a ke kira gashin ƙashi. Shi a makaranta ya koya, tausa kuma ɓangare ce kawai ta aikinsa. Za a yi bayaninsa a sashe na 5.0.

4.0 Yadda Zaman Tausa Yake Gudana

4.1 Gaisuwa da Tambaya

Ba a fara tausa sai an gaisa. Saurayi yakan durƙusa ya ce Baba ko Malam, mace kuma ta kira ungozoma Inna ko Gwaggo. Sa'an nan mai tausa ya tambaya, da bakin Gobirci, "Mi ka damun ka?" Daga nan ne ake gane gwani. Gwani zai so ya san yaushe ciwon ya fara, da abin da ya jawo shi: faɗuwa ce daga babur, ko ɗaukar buhu, ko kuwa haka kurum aka wayi gari da shi? Zai tambaya ko akwai zazzaɓi, ko wurin ya kumbura, ko ana iya taka ƙafar, ko ciwon yana hana barci. Idan mace ce, ungozoma za ta tambaya ko akwai ciki, ko kuma kwana nawa ke nan da haihuwa.

Shi ma majinyaci akwai nauyi a kansa. Hausawa kan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda yake da ciwon sukari, ko hawan jini, ko sikila, wadda ake kira amosanin jini, ko yake shan maganin tsinka jini, lalle ya faɗa ko da ba a tambaye shi ba. Wanda ya tarar an ce masa ya kwanta ba tare da ko tambaya ɗaya ba, ya kamata ya yi hattara.

4.2 Wuri da Sutura

Namiji akan yi masa a zaure ko a inuwa, a kan tabarma. Mace kuwa a ɗaki ake yi mata, ko a bayan ɗaki idan akwai gashi. A bisa al'ada namiji ke yi wa namiji, mace ta yi wa mace, in ban da tsakanin ma'aurata, ko lalura irin ta karaya, inda maɗori kan yi wa mace aiki a gaban danginta. Ba a tuɓe wa mutum kaya gaba ɗaya. Wurin da za a taɓa shi kaɗai ake buɗewa: a cire riga idan baya ne, a naɗe wando idan ƙafa ce, mace kuma ta yi ɗaurin ƙirji. Kowane majinyaci yana da ikon ya ce wani nasa ya zauna kusa, yana kuma da ikon ya ce kada a taɓa wuri kaza.

4.3 Man Shafawa

Amfanin mai shi ne ya sa hannu ya zame a kan fata ba tare da ya ƙuje ta ba. An fi amfani da man kaɗe, da man shanu, da man gyaɗa, da man alayyadi. A yau kuma man zafi na kanti, irin su Robb, ya shiga ko'ina. Ɗumin da man zafi ke sa mutum ya ji, a fata yake tsayawa, ba ya kai wa ga ƙashi. Ba a shafa shi a kan rauni, ko kusa da ido, ko a jikin jariri. Kananzir da man birki da wasu kan shafa kuwa ƙona fata suke yi, bai kamata mutum ya yarda a sa masa su ba.

4.4 Aikin Hannu

Mai tausa yakan fara da shafa, watau ya bi wurin da tafin hannu a hankali domin mai ya bazu, jiki kuma ya saba da hannun. A nan ne yake lalube, yana neman inda tsoka ta ɗaure ta yi kamar ƙulli. Daga nan sai murza, ya bi ƙullin da babban yatsa yana kewayawa. Sai matsa, ya kama tsoka kamar ta dantse ko ta kafaɗa ya matse ya saki, kamar mai cuɗa ƙullu. Sai danna, ya ɗora tushen tafin hannu a gefen gadon baya ya sakar masa nauyi. Wasu kan ƙara da bubbugawa da gefen hannu. A ƙarshe sai ja da miƙewa: a ja yatsu, a lanƙwasa gwiwa, a ɗaga hannu. Gwani yakan rufe da shafa kamar yadda ya fara.

Taka baya da ƙafa aikin yaro ƙarami ne, shi ma a kan babban mutum mai lafiya. Idan ƙato ya hau bayan tsoho, ko tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni, haƙarƙari yana iya tsagewa. Ƙashin gadon baya kansa ba a danna shi. Tsokar da ke gefensa biyu ita ake bi. Haka nan murɗe wuya da ƙarfi domin ya yi ƙara ba shi da wani amfani da ya kai haɗarinsa, domin ta wuya ne hanyoyin jini suke bi zuwa ƙwaƙwalwa.

4.5 Zafin da Ake Ji

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa sai an ji zafi har an yi ƙara sa'an nan tausa ta yi. Gaskiyar magana ita ce zafin iri biyu ne. Akwai tsami mai daɗi-daɗi da mutum kan ji idan an taɓa ƙulli, wanda yake raguwa idan aka ci gaba, numfashi kuma bai ɗauke ba. Akwai kuma zafi mai suka, ko mai tsirawa kamar wutar lantarki har ƙasan ƙafa, ko wanda ke sa mutum ya ƙanƙame jiki. Wannan na biyu alama ce ta a dakata. Jiki magayi ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka faɗin "a sassauta" ba ragwanci ba ne, ko da kuwa mai tausar sa'an mahaifin mutum ne.

4.6 Bayan An Gama

Tausar wuri ɗaya ba ta cika wuce minti 15 zuwa 30 ba, ta jiki duka kuwa takan kai awa guda. Idan an gama, mutum ya tashi a hankali, domin wasu kan ji jiri. Kasala da jin barci ba abin damuwa ba ne. Haka nan wurin yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, kamar na wanda ya wuni yana huɗa. Abin da ba a tsammani shi ne sabon kumburi, ko mutuwar gaɓa, ko ciwon da ya ninka na farko.

Game da lada, masu tausa na gargajiya da yawa ba su yanka farashi. Akan ba da abin da ya sawwaƙa, kuɗi ko hatsi ko goro, ungozoma kuma tana da nata kason ranar suna. Akan rabu da addu'a: "Allah shi ba da lahiya."

5.0 Tausar Asibiti

Tausa ta daɗe a cikin littattafan likitanci. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi mata babi a littafinsa Al-Ƙanun, inda ya rarrabe mai ƙarfi da mai taushi, da wadda ake yi kafin motsa jiki da wadda ake yi bayansa. Kalmar da ya yi amfani da ita, dalku, ita ce wadda ɗaliban fiƙihun Malikiyya suka sani da ma'anar cuɗawa a babin alwala da wanka. A Turai kuwa, Per Henrik Ling ya kafa makarantar motsa jiki a birnin Stockholm a 1813, da wannan makaranta ake danganta abin da ake kira tausar Suwidin. A 1894 wasu mata ma'aikatan jinya a Ingila suka kafa ƙungiyar masu tausa da suka sami horo, domin su tsare mutuncin sana'ar bayan an zargi wasu gidajen tausa na Landan da fasiƙanci. Wannan ƙungiya ce ta zama tushen aikin gashin ƙashi a ƙasar.

A Nijeriya an fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Ikko a 1945, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa a 1966, sa'an nan a 1988 aka yi dokar da ta kafa hukumar yi wa masu aikin rajista. Mutumin Sabon Birni da aka tura sashen gashin ƙashi, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ko a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, zai tarar da abubuwan da suka bambanta da na gida. Za a buɗe masa kati, a rubuta tarihin ciwonsa. Za a gwada ƙarfin gaɓar da iyakar lanƙwasuwarta, wani lokaci a nemi hoton ƙashi. Za a kwantar da shi a kan gado mai tsawo a bayan labule, a lulluɓe inda ba a aiki. Yana da damar neman ma'aikaci jinsinsa idan akwai. A hannu da ƙafa zai lura ana tura hannu ne daga ƙasa zuwa sama, wajen zuciya, domin can jinin yake komawa.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, tausar kanta takan zama kaɗan. Mafi yawan lokacin a kan motsa jiki yake tafiya, a kuma ba mutum aikin da zai riƙa yi a gida. Wasu kan ga kamar an yi musu rowa. Dalilin kuwa shi ne, tsokar da ta yi rauni sai mai ita ya motsa ta da kansa take yin ƙarfi. Wannan ya fi bayyana ga mai shanyewar ɓarin jiki: shafa da miƙewa suna hana gaɓa sandarewa, amma tafiya sai an koya masa ita sabuwa.

6.0 Abin da Tausa Take Yi

Kowa ya san cewa idan yaro ya bugu, abin da yake fara yi shi ne murza wurin. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin wannan. Saƙon zafi da saƙon taɓawa duka ta laka suke bi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma akwai wani tsari kamar ƙofa a hanyar. Idan saƙon taɓawa ya yi yawa, yakan rage abin da ke wucewa na zafi. Ban da wannan, tausa takan ɗumama fata, ta sa tsoka ta saki, hankali ya kwanta, barci ya zo.

Amma fa sauƙin ba ya daɗewa. A 2015 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 25 da aka yi a kan mutum 3,096 masu ciwon baya, ta ga cewa tausa tana rage ciwo na ɗan lokaci, hujjar kuma ba ta da ƙarfi sosai. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tausa cikin abubuwan da za a iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon baya, a haɗe da motsa jiki da wayar da kai. Ke nan manomin da ya sami sauƙi yau, idan ya koma ɗaukar buhun albasa a sunkuye, ciwon zai dawo.

Akwai kuma abubuwan da ake jingina wa tausa waɗanda ba ta yi. Ba ta fitar da dauɗa ko mataccen jini daga jiki. Aikin hanta da ƙoda ne tace jini. Ƙarar da yatsa ke yi idan an ja shi, iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma gurbinsa ba. Ba ta kuma mai da ƙafar da shan inna ya shanye. Sunan wannan cuta yana komawa ne ga Inna ta bori, wadda ƙasar Gobir ta san ta ƙwarai, amma ƙwayar cuta ce ke kawo ta, allurar rigakafi da ɗigon baki kuma su ne kariyarta.

Game da jariri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa ana iya yi wa lafiyayyen jariri da ya cika watanninsa tausa mai taushi. Wannan ya yi daidai da abin da kakanni suka daɗe suna yi. Sai dai ba a danna maɗiga, ba a kuma matse nonon jariri idan ya kumbura, domin yana sacewa da kansa, matsewar ce ke sa ya yi ruwa.

7.0 Inda Ba A Yin Tausa

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci. Garin neman gira akan rasa ido.

(a) Kumburin ƙafa ɗaya. Idan sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri, musamman ga mai jego, ko mai ciki, ko wanda ya daɗe a kwance, yana yiwuwa jini ne ya daskare a jijiyar ciki. Majinyaci zai ce jijiya ce ta hau. Idan aka murza, gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu, mutum ya mutu nan take.

(b) Sabon rauni. Wanda ya faɗi har ba ya iya taka ƙafa, ko gaɓar ta karkace, a ɗauka karaya ce sai hoto ya nuna akasin haka. Ko targaɗe ne ma, a kwana biyu ko uku na farko hutu da ruwan sanyi da ɗaga ƙafa ake so; gashi da murza suna ƙara kumburi. Idan kuwa an riga an yi ɗori, a riƙa duba yatsu. In sun yi sanyi, ko sun sake launi, ko sun mutu, ko zafi yana ƙaruwa, ɗaurin ya toshe jini, a kwance shi a nufi asibiti. Tsokar da ta rasa jini na wajen awa 6 ta fara mutuwa, wannan kuwa shi ke kai yara da yawa ga yanke hannu.

(c) Ciwo tare da zazzaɓi. Ƙashi ko gaɓar da ta yi ja, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga, abin da ya fi samun yara masu sikila. Haka nan ciwon baya da ya zo da rama da gumin dare da ƙusumbi yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya.

(d) Ciwon baya da ya taɓa laka. Idan ƙafafu suna mutuwa, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa ko sun ƙi fita, ba a jira.

(e) Ciki. Ba a matsa cikin mai juna biyu da sunan gyara kwanciyar ɗa, domin mabiyiya tana iya ɓanɓarewa, mahaifa ma tana iya fashewa. Ba a danna cikin yaron da saifarsa ta kumbura saboda zazzaɓin cizon sauro, domin takan fashe. Murza mahaifa bayan haihuwa kuwa aiki ne da ake yi har a asibiti domin tsai da jini. Amma idan jinin bai tsaya ba, a ci gaba da murzawa a kan hanyar zuwa asibiti.

(f) Mai jego mai haki. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka nuna yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gadon wuta da yawan shan kunun kanwa. Mai jegon da ƙafafunta biyu suka kumbura, tana haki idan ta kwanta, zuciyarta ce ke neman taimako, ƙarin gashi zai ƙara mata nauyi ne.

(g) Fatar da ba ta ji. Mai ciwon sukari da ya daɗe, ko mai kuturta, ruwan gashi zai iya ƙona shi bai sani ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tausa, ta gida ko ta asibiti, tana bin matakai sanannu: tambaya, da kiyaye sutura, da shafa mai, da aikin hannu daga mai taushi zuwa mai ƙarfi, da ɗan tsamin jiki bayan an gama. An ga kuma cewa amfaninta gaskiya ne amma gajere ne, kuma akwai wurare bakwai da dole hannu ya dakata. Wanda zai je tausa ya tafi da saninsa cewa yana da ikon yin tambaya da ikon cewa a tsaya. Mai tausar da ya dubi ƙafa ya ce, "Wannan ba tawa ba ce, a kai shi asibiti," shi ya cancanci a koma wurinsa gobe.

A ƙasa irin ta Sabon Birni da Isa, inda hanya ta yi wuya, ba za a raba jama'a da ungozoma da maɗori ba, bai ma kamata a yi ƙoƙarin haka ba. Abin da ya dace shi ne a isar musu da waɗannan alamomi cikin harshen da suke ji. A nan ne aikin ya faɗo kan ɗaliban Hausa. Muddin kalma ɗaya ce, jijiya, take ɗauke da ma'ana uku, ma'aikacin lafiya da majinyaci za su iya magana kowa yana nufin abu dabam. Ana bukatar a zauna da masu wannan sana'a, maza da mata, a tattara sunayen da suke kiran sassan jiki da ire-iren ciwo a Gobirci, a daidaita su da abin da likita yake nufi, sa'an nan a mai da su ga ungozomomi da maɗora ta hanyar rediyo da ɗakunan shan magani na ƙauyuka.